Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Ɗab'i Da Masu Shirya Gasar Rubutun Hausa: Ku Bar Dodo Ya Dawo Littafin Yara

Zuwa ga shugabannin kamfanonin ɗab'i, da masu shirya gasar rubutun Hausa, da shugabannin ƙungiyoyin marubuta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali. Allah ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi wa wannan harshe, wadda sau da yawa da kuɗin aljihunku kuke yin ta. Ni malamin firamare ne a Zariya, ina kuma taɓa rubutu. Ina magana ne da bakin wasu 'yan tsirarun marubuta, maza da mata, da ke rubuta wa yara 'yan shekara 9 zuwa 13 irin labarin nan da yaro zai leƙa tsohuwar rijiya ko ya shiga kogon kuka, ya tsinci kansa a wata duniya, ya gamu da abin da zai iya cinye shi, sannan ya shiga neman hanyar gida. Galibinmu malaman makaranta ne da iyaye mata. Abin da muka rubuta yana nan jibge a akwatuna da cikin wayoyi.

Tun daga 2015 ake bikin Ranar Hausa ta Duniya a ranar 26 ga Agusta, kuma duk shekara sai mun ji manya sun koka cewa yaran yanzu ba sa karanta Hausa. Gaskiya ne. Sai dai ranku ya daɗe, me aka ba su suka ƙi karantawa? Yaron aji ɗaya zuwa uku ya ɗan samu gata: shirin Mu Karanta ya wadata makarantun Bauchi da Sakkwato da littattafan koyon haɗa baƙi, shirin RANA ya yi irin wannan a Katsina da Zamfara. Amma da zarar yaro ya iya haɗa baƙi, ya fara jin ƙishin labari mai tsawo, sai ya tarar babu kowa a gabansa. Daga "Bala ya ga akuya" sai littafin da aka ɗora wa 'yan sakandare don jarrabawa, ko kuma littafin soyayyar yayarsa da take ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. A waɗannan shekaru huɗu ko biyar ne yaro yake zama makaranci ko ya bar karatun nishaɗi har abada, kuma su ne kuka bari fayau.

Kukanmu na farko shi ne yadda ake dawo mana da rubutu saboda abin da ya sa ya zama labari. Wani mai ɗab'i, wanda ba zan ambaci sunansa ba don mutumin kirki ne, ya riƙe rubutuna na tsawon lokaci, sannan ya kira ni ya ce, "Malam, Hausarka ta yi kyau, amma akwai aljani a ciki, kuma yaron yana shan wuya da yawa. Iyaye ba za su saya ba." Abokan rubutuna sun ji irin wannan magana da baki daban-daban: akwai tsoro, akwai duhu, akwai Dodo, wannan ai irin na Turawa ne.

Wannan zance na ƙarshe shi ya fi ba ni mamaki. Ku tuna tatsuniyar 'yar bora, yadda aka ba mu ita a tsakar gida bayan sallar isha. Kishiyar uwa ta ɗora wa yarinya laifin da ba nata ba, aka kore ta da kirgi, aka ce kada ta dawo sai ta wanke shi a ruwan Bagaja. Ta bar gari ita kaɗai. Ta riƙa gamuwa da koguna masu magana, wani na tuwo da miya, wani na zuma, kowanne yana ce mata ta tsaya ta ci, tana wucewa da yunwarta. Ta isa wani gida inda babu kowa sai cinyar mutum da kare, cinya tana gurnani, kare yana fassara mata. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi ɗaya ta dafa, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka sa ta zaɓi ƙwai, aka gaya mata inda za ta fasa shi. Ku duba abin da ke cikin wannan tatsuniya: yarinyar da aka zalunta, da hanya ɗaya da ke fita daga duniyar mutane, da ƙasa mai dokokinta, da abin tsoro wanda dole a gaishe shi da ladabi, da dawowa gida da abin da ba ta tafi da shi ba. Kakanninmu mata ne suka ƙera wannan, ba su kuma taɓa ganin littafin Bature ba. Cinya mai gurnani a ɗaki kuwa, ko yau na tuna ta sai tsigar jikina ta tashi, kuma ba ta lalata tarbiyyar kowa a gidanmu ba.

Rubutaccen adabinmu ma da ƙafar nan ya fara tafiya. Gasar da Rupert East, Baturen da ke kula da samar da littattafan Hausa a lokacin, ya shirya a 1933 ita ta haifi ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, kuma biyu daga cikinsu, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, cike suke da aljannu da tafiya zuwa ƙasashen da babu su a taswira. 'Ya'yan gidan malamai ne suka rubuta su, ɗaya daga cikinsu ma ya zama Walin Katsina. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro zuwa sararin samaniya. Waɗannan littattafai su kuka karanta a makaranta, su ne suka sa wasunku suka kamu da son rubutu. To yaya abin da ya halatta ga yaron 1940 ya zama abin ƙi ga jikan jikansa?

Kuka na biyu ya fi ciwo, domin ba ƙin karɓa ba ne, karɓa ne tare da sharaɗin a kashe labarin. Sharaɗin yakan zo iri biyu. Ko dai a ce a ƙara shafi a ƙarshe mai taken "Darussan da ke cikin wannan labari", ko kuma a ce a gyara ƙarshen ya zama yaron farkawa ya yi, ashe duk mafarki ne.

Bari in ɗan tsaya a kan mafarkin nan, don na ga kamar masu ba da shawarar suna ganin ƙaramin gyara ne. Labarin shiga wata duniya yana tsayuwa ne a kan alkawari ɗaya tsakanin marubuci da yaro: abin da ya faru a can ya faru. Idan yarinya ta bar takalminta a can, ta dawo ba takalmi, kuma sai ta yi wa uwarta bayani. Idan yaro ya yi wa wani alkawari a bakin ƙofa don a bar shi ya wuce, alkawarin yana kansa. Ƙofar da kanta tana da doka, tana buɗewa a wani lokaci, ta rufe a wani, kuma akwai abin da ake biya kafin a fito. Wannan ne ke sa yaro mai karatu ya riƙe numfashi, ya ƙi kashe fitila. Ranar da ka ce masa mafarki ne, ka gaya masa cewa tsoron da ya ji na banza ne, jarumtar da ya yaba ta banza ce, kuma kai babba wasa kake da hankalinsa. Yara suna gane wannan sarai. Na taɓa gwada irin wannan ƙarshe a aji, kamar yadda aka nema. Wani yaro daga bencin baya ya ce, "Malam, ai an cuce mu." Ajin ya kwashe da dariya, ni kuwa ban ga abin da zan ƙara a kan hukuncinsa ba.

Shafin darussa kuwa raini ne ga mai karatu. Kakarmu ba ta taɓa kammala tatsuniyar 'yar bora ta ce "darasi na ɗaya, haƙuri" ba. Takan ce ƙurunƙus, mu kwanta. Da kanmu muka ga abin da ya fito wa 'yar mowa daga ƙwan da ta zaɓa da zari, kuma ya zauna mana fiye da duk wata nasiha. Ba mu ƙi tarbiyya ba, mu ma iyaye ne, aikinmu ke nan daga safe zuwa azahar. Cewa muke tarbiyyar tana cikin abin da yaron labarin ya zaɓa lokacin da babu babba a kusa, ƙanensa yana kuka, ƙofa tana rufewa, kuma zai iya tsira shi kaɗai. Marubucin da ya iya gina wannan wuri ba ya buƙatar shafin wa'azi. Wanda bai iya ba kuwa, shafin ba zai cece shi ba.

Na uku shi ne batun addini, kuma ba zan yi kamar ba shi da nauyi ba. Akwai iyayen da ke tsoron kada littafi ya sa wa ɗansu sha'awar tsafi da bin bokaye, kuma tsoronsu yana kan hanya. Ku ma kuna da naku tsoron. Kowa a harkar nan yana tuna 2007, lokacin da aka ƙone littattafan soyayya na Hausa a Kano a bainar jama'a, da takun-saƙar da ta biyo baya tsakanin marubuta da hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar. Wanda ya zuba jarinsa a takarda ba ya son ya wayi gari an kwashe masa kaya. Mun fahimta.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a bar maganar a duhu. Babu wata rubutacciyar ƙa'ida da mai ɗab'i zai nuna wa marubucin yara ya ce ga iyaka. Saboda haka kowa yana yanke hukunci da fargabarsa, kuma fargaba ba ta da ma'auni: wannan ya hana aljani, wancan ya hana dabba mai magana, wata 'yar'uwarmu har an ce ta cire kura saboda ta yi wa yaro barazana da dare. Alhali bambancin a fili yake. Samuwar aljannu ba baƙon zance ba ne ga yaron da ke zuwa Islamiyya, sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi. Labarin da ya nuna yaro yana yanka wa iska, ko yana neman biyan buƙata wurin boka ya kuma dace, ko ya kawo surkullen da yaro zai iya kwaikwaya, wannan mu ma ba ma so, ba ma kuma rubuta shi. Labarin da yaro ya faɗa hannun abin da ya fi ƙarfinsa, ya fita da wayo da addu'a da riƙon amana, wannan wani abu ne dabam. Galibinmu ma ba aljannu muke sa wa a duniyoyinmu ba. Halittu ne na ƙage irin su Dodo da Botorami, waɗanda ko yaron goye ya san na tatsuniya ne. Idan aka haɗa waɗannan duka a buhu ɗaya aka ɗaure, marubuci mai tsoron Allah shi ke ajiye alƙalami, mara ta-ido kuwa ya ci gaba da sakin nasa a WhatsApp inda babu mai tacewa.

Na huɗu shi ne wanda na fi jinkiri kafin in rubuta. Wata edita ta ce wa ɗaya daga cikinmu, "Yaran Arewa sun ga isasshen tashin hankali, ku ba su abin dariya." Da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma rabin maganarta gaskiya ne. An kwashe 'yan mata 276 daga Chibok a 2014. An kwashe yara maza fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, 'yan mata 279 daga Jangebe a Fabrairun 2021, sai ƙananan yaran Islamiyya a Tegina duk a 2021 ɗin, sai Kuriga a Maris na 2024. Yaran ajina sun san sunayen garuruwan nan. Suna jin manya suna maganarsu a rediyo da bakin masallaci, sannan idan yaro ya tambaya sai a ce masa ya yi shiru, ba maganar yara ba ce.

To tsoron yana nan a cikinsu, ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba. Abin da ba su da shi shi ne wurin da za su ajiye shi. Ba cewa muke a mayar da Ƙanƙara labarin nishaɗi ba, Allah ya kiyaye, iyayen da abin ya shafa suna raye. Amma yaron da ke kwana da fargabar a ɗauke shi daga gida zuwa daji, idan ya karanta labarin wata yarinya da ƙasa ta haɗiye, ta tsinci kanta a garin da ba a kiran kowa da sunansa, ta ji tsoro irin nasa, ta yi kuka, sannan ta lura da inda rana take faɗuwa, ta riƙe hannun ƙaramin da ke tare da ita, ta ƙirga masu gadi, ta fita, wannan yaro ya yi tafiyar tsoro daga farkonta har ƙarshenta yana zaune lafiya kusa da uwarsa. Yana da ikon rufe littafin idan abin ya yi masa yawa, ya buɗe gobe. Labarin rediyo ba ya ba shi wannan iko, kuma sau da yawa ba shi da ƙarshe. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Yau dajin ya matso har bakin makaranta, mu kuma muna jin kunyar yi wa yara maganarsa ko da ta bakin Dodo.

Abin dariya yana da wurinsa, Gizo ma ai da dariya yake cin kasuwarsa. Amma ko Gizo, yunwa da mutuwa ne ke bin sa a kusan kowace tatsuniya, shi ya sa wayonsa yake da daɗi.

Akwai iyaka, kuma mun san ta. Ba ma kwatanta jini da yanka dalla-dalla. Ba ma taɓa abin da ya shafi cin zarafin jikin yaro. Ba ma barin yaro a can ba tare da wata hanya ba, ko da dawowar ta zo da rashi. Muguntar da ke cikin labarin muna sa mata fuskar da ba ta maƙwabci ba, ba ta wata ƙabila ko wani addini ba, don kada yaro ya rufe littafi ya fita yana zargin mai shagon unguwarsu. Waɗannan sharuɗɗa mu muka ɗora wa kanmu, ba wanda ya tambaye mu.

Na biyar gajere ne: gasa. Babbar kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG tana zagayowa kan adabin yara sau ɗaya a shekara huɗu, da dala 100,000, amma da Turanci ake shigarta. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta fito da mata marubuta da yawa, Allah ya ƙara, sai dai gajerun labarai ne na manya. Marubuci ɗan Adam ne, inda ake tafi can yake kai rawarsa. Matashiyar da ta iya ƙaga duniya sukutum takan bar ta ta koma rubuta rikicin kishiyoyi, domin can ne ake ganin mutum.

Sai batun jikin littafin. A ɗan abin da ake bugawa na yara, zanen yakan zama hoton da aka kwaso daga intanet, yaro mai jan kunci sanye da rigar sanyi a gaban gidan da ba a taɓa gani a Funtuwa ba. Wani lokaci a buga babu ƙugiya a kan baƙaƙe, yaron da muka sha wuya muka koya wa bambanta su ya rikice. Ga tsada, saboda an nace sai takarda mai sheƙi da launi a kowane shafi, alhali ɗan shekara 11 ba launi yake nema ba, abin da zai faru a babi na gaba yake nema.

Sakamakon duk wannan kuna ganinsa a gidajenku. Yaran ba su daina neman abin al'ajabi ba, wurin nema suka canja. Suna gaban talabijin da wayar yayyensu suna kallon fina-finan Indiya da aka fassara, masu macizai da ke rikiɗa da gumakan da ake yi wa sujada. Waɗanda suka iya karatu suna satar littattafan yaƙi na manya, masu matsafa da sarauniyoyi, waɗanda ba don su aka rubuta ba. Wato duk abin da kuka ji tsoron littafinmu zai kawo, ya riga ya shigo ta taga, kuma babu hannun malami ko uwa a cikinsa. Ga wata asarar da ba a lissafawa: yaron Kano ya san dazuzzukan ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, amma bai taɓa kallon Dala ya ji gabansa ya faɗi don tunanin abin da ke ƙarƙashinsa ba. Muna da rijiyar Kusugu a Daura da labarin macijinta. Muna da Kufena a nan Zariya, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da rijiyoyin marinar Ƙofar Mata masu baƙin ruwan da ba a ganin ƙasansa, da dutsen Kwatarkwashi, da hasumiyar Agadas mai tsinkayen itace a jikinta. Kowanne ƙofa ne da ke jiran marubuci. Yaron da ya karanta labarin da ya fara a bakin ganuwar garinsu ba zai ƙara wuce ta kamar tulin ƙasa ba.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Masu shirya gasa, ku buɗe rukuni na littafin yara 'yan 9 zuwa 13, na labari mai tsawo, ba gajere ba, kuma ku faɗa a fili cewa ana karɓar na al'ajabi da na ban tsoro. Ko kyautar ba ta kai ta manya ba, a fara. Muna kuma roƙon a sa yara cikin alƙalanci: a kai littattafan da suka kai zagayen ƙarshe wasu makarantu, na birni da na ƙauye, a karanta musu, a ji wanne suka hana malami rufewa. Farfesa zai auna Hausar, amma ba shi zai gaya muku ko babi na uku yana sa barci ba.

Shugabannin ƙungiyoyin marubuta, ku kira zama da malaman addini, da malaman firamare, da iyaye mata, da mu, a fitar da ƙa'ida wadda ba ta wuce shafi ɗaya ko biyu ba, mai bayyana abin da littafin yara zai iya ɗauka da abin da ba zai ɗauka ba. Ku kai ta ga hukumomin tacewa su sa albarka, ku raba wa masu ɗab'i. Mun fi son iyaka mai tsauri da muke gani a rubuce a kan iyakar da ke canjawa da fuskar wanda ya karɓi rubutun. A wannan zama muna so a gayyato tsofaffin mata masu tatsuniya, a zaunar da su a gaba, a naɗi muryarsu, a kuma biya su. Su ne suka san daidai inda ake sassauta murya da inda ake tsayawa kafin Dodo ya yi magana, kuma kullum raguwa suke.

Masu ɗab'i, ba mu ce ku zuba dukiyarku duka ba. Littafi ɗaya a shekara daga kowane kamfani ya isa farawa: shafi 60 zuwa 100, takarda irin ta jarida, zanen baƙi da fari a farkon kowane babi, wanda mai zane na gida ya yi aka kuma biya shi, da farashin da uba zai iya ciro wa daga kuɗin cefane ba tare da an fasa miya ba. Ku gwada kai shi makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu kai-tsaye, kada ku tsaya ga shagon kasuwa kaɗai, domin yaro ba ya zuwa Sabon Gari sayen littafi, a ƙofar aji ake samunsa. Ku tuna kuma kasuwar ba ta tsaya a Jibiya ba, akwai yara a Maraɗi da Damagaram da Tawa masu jin wannan harshe. Ku daina neman a mayar da labari mafarki, ku daina liƙa masa shafin darussa. In kuna son abin da zai taimaki malami, ku sa tambayoyi uku ko huɗu a takarda dabam, a bar littafin yaron ya ƙare inda labarin ya ƙare.

Idan kuma za ku ƙi rubutu, ku ƙi shi a rubuce, da dalili. Wataƙila Hausar ce ba ta nuna ba, wataƙila tsakiyar labarin ta yi sanyi, wataƙila mugun cikinsa bai isa a ji tsoronsa ba. Da yawa daga cikin abin da muke rubutawa yana buƙatar gyara mai tsanani, kuma muna so a gaya mana. "Iyaye ba za su saya ba" ba gyara ba ne, hasashe ne a kan kasuwar da ba a taɓa gwadawa ba.

Mu ma ga namu. Duk kamfani ko kwamitin gasa da ke son gani da ido, azuzuwanmu a buɗe suke. Ku turo wakili ranar Alhamis a darasin ƙarshe, lokacin da yara suka gaji, yunwa ta fara cin su, hankalinsu yana ƙofa. Za mu karanta babi ɗaya daga rubutun da kuka mayar mana, mu tsaya a tsakiya, wakilinku ya rubuta muku abin da ajin ya yi. Rubuce-rubucen kuma a shirye muke mu miƙa su ga duk editan da kuka zaɓa, ya yi musu jan biro yadda ya ga dama, muddin ya bar Dodo da haƙoransa.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya yi wa zuriyarku albarka.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin firamare mai rubuta wa yara labari,
a madadin 'yan'uwansa marubuta,
Zariya.